Ƙungiyoyin haruffan Girka a Jami'ar Ilinoi: a shiga ko a nemi wata ƙofar?

'Yar yayata ta samu gurbin karatun injiniya a Jami'ar Ilinoi da ke Urbana-Champaign. Tun kafin ta ɗaure kayanta saƙonni suka fara shigo mata: ga ranar rajistar shiga ƙungiyoyin 'yan mata, ga hotunan manyan gidaje masu ginshiƙai da waɗansu baƙin haruffa a goshinsu. Mahaifiyarta ta kira ni bayan isha'i, muryarta na rawa. Ta ce, "Kai da ka zauna a can, gaya mini gaskiya. Ba ƙungiyar asiri suke so su jefa mini yarinya ba?" Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, ba irin wadda kike tsoro ba ce. Amma ba zan ce miki babu abin dubawa ba." Mun fi awa guda muna magana, kuma abin da na faɗa mata shi ne nake so in shimfiɗa a nan, don na san ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Tsoron Yaya yana da tushe. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙar ƙabilanci da girman kai irin na 'yan boko. Daga baya aka rarrabu, wasu suka fito da nasu, abin ya rikiɗe ya koma adda da bindiga. Duk wanda ya yi wayo a 1999 yana tuna daren 10 ga Yuli, lokacin da 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife. To uwar da ta san wannan, in ta ji an ce rantsuwa da sirri da 'yan'uwantaka, dole gabanta ya faɗi.

Na Amurka daban suke. Na maza ana kiransu frataniti, na mata sororiti, kuma kusan duka da haruffan Girka biyu ko uku suke suna. A fili suke: suna da rajista a jami'a, akwai ofishin da ke sa musu ido, suna da hedikwata ta ƙasa da lauyoyi da inshora, sunayen shugabanninsu ba a ɓoye ba. Abin da suke ɓoyewa shi ne bikin rantsar da sabon ɗan ƙungiya, da ma'anar haruffan, da irin musabahar da suke gane juna da ita. Asalinsu ya koma 1776, lokacin da ɗaliban Kwalejin William and Mary a Bajiniya suka kafa Phi Beta Kappa don muhawara. Irin na zumunci da ake gani yau sun faro ne a 1825 a Kwalejin Union da ke jihar New York. Mata suka biyo baya daga 1851.

Jami'ar Ilinoi, wadda aka kafa a 1867, tana da ɗalibai fiye da 50,000, kuma tana cikin jami'o'in da waɗannan ƙungiyoyi suka fi yawa a duk Amurka. Girman nan shi ne dalilin da ya sa suke da farin jini. Yaron da ya sauka daga Kano ko Damagaram zai shiga ajin da ɗalibai suka haura ɗari uku, malami bai san sunansa ba, garin kuma gonakin masara ne suka kewaye shi, Shikago tana nesa da tafiyar awa biyu da 'yan kai. In hunturu ya shigo, rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar. Kaɗaici a wurin ba wasa ba ne. Ƙungiya ta zo ta ce maka ga gida, ga abinci, ga mutum ɗari da za su kira ka ɗan'uwa daga gobe. Wanda bai taɓa kwana shi kaɗai a baƙuwar ƙasa ba ne zai raina wannan tayi.

Kuskuren da muke yi shi ne haɗa su duka a kwando ɗaya. Ƙofofi ne daban-daban, kuma kowace da inda take kaiwa.

Ta farko ita ce ta manyan gidajen nan da ake gani a hoto. Na mata suna ƙarƙashin wata majalisar ƙasa da aka kafa a 1902, mai ƙungiyoyi 26. Na maza suna da tasu da aka kafa a 1909. Shiga ta mata tana da tsari mai tsauri, kama da zawarci. A farkon zangon karatu yarinya za ta biya kuɗin rajista, a zagaya da ita gida-gida tana hira da 'yan ciki. Bayan kowane zagaye ita za ta jera gidajen da take so, su ma su jera 'yan matan da suke so, jerin yana ta raguwa har ranar da za a miƙa mata takardar tayi daga gida ɗaya, ko kuma a ce ba a samu ba. Ta maza ta fi sassauci, yawanci ziyara ce da cin abinci da hira har gida ya yi maka tayi. Bayan tayi sai makonnin sabon shiga, inda ake koyar da tarihi da waƙoƙi da dokoki, a haɗa ka da wani babba da zai zama maka kamar uban ɗaki ko uwar ɗaki. Daga nan sai rantsuwa. Wani abu da ya kamata yarinya ta sani tun kafin ta sa hannu: in aka rantsar da ita a ɗaya daga cikin 26 ɗin nan, ko ta fita daga baya, ba za ta taɓa shiga wata a cikinsu ba.

Amfanin wannan ƙofa na gaske ne, ba zan rage masa komai ba. Gidajen suna da tsofaffin 'yan ƙungiya a bankuna da kamfanoni da majalisu, kuma a Amurka ma, kamar a gida, wanda ya san ka shi ke ɗaga takardarka daga cikin tari. Ɗalibi ɗan shekara 20 yana iya riƙe baitulmalin gida mai mutum 80, ya koyi shugabanci da hannunsa. Suna tara kuɗi don asibitoci da ayyukan jinƙai. Kowane gida yana da mafi ƙarancin makin da za ka riƙe, in ka faɗo ƙasa a hana ka wasu abubuwa. Binciken da kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup ya fitar a 2014 ya nuna tsofaffin 'yan ƙungiya sun fi sauran waɗanda suka gama jami'a jin daɗin aikinsu da rayuwarsu. Sai dai a nan nake ja da baya kaɗan, domin masu shiga waɗannan gidaje galibi 'ya'yan masu hali ne tun asali, da wuya a raba abin da ƙungiya ta ba su da abin da suka taho da shi daga gidan iyayensu.

Gidajen mata kuma suna da wani abu da zai ba iyayenmu mamaki. Ba a shiga da giya cikinsu, akwai dattijuwa da ke zaune a ciki tana kula da gida, kuma yawanci ba a barin namiji ya wuce falon ƙasa. A wannan fuska sun fi ɗakunan kwanan jami'a kamun kai, inda sau da yawa maza da mata ke bene ɗaya. Amma ga inda gizo ke saƙar: tunda ba a yin shagali a gidan mata, shagalin yana komawa gidan maza da mashayar gari. Wato yarinya za ta riƙa zuwa wurin da maza ne ke riƙe da ƙofa, su ne ke zuba abin sha, su ne suka san ɗakuna. A Champaign kuma doka ta bar ɗan shekara 19 ya shiga mashaya, duk da cewa sha sai an kai 21, don haka titin Green, inda mashayun suke, da kewayensa ba sa rabuwa da 'yan aji ɗaya da aji biyu. Jadawalin zumuncin gidajen a kan wannan ya ginu: haɗuwar gidan kaza da gidan kaza, rawar ƙarshen zango da kowa zai zo da abokin rakiya. Za a ce maka ba dole ba ne ka sha, kuma gaskiya ne, akwai waɗanda ba sa sha. Amma ka biya kuɗin taron da rabinsa ba naka ba ne, kuma za ka shekara huɗu kana bayanin dalilin da ya sa kofinka lemo ne. Binciken da Jami'ar Harvard ta yi kan shaye-shayen ɗalibai a shekarun 1990 ya nuna mazauna waɗannan gidaje sun fi kowa shan giya fiye da kima.

Maganar da ta fi nauyi ita ce gwale-gwalen da ake yi wa sababbin shiga. Duk ƙungiya ta haramta shi a takarda, jihar Ilinoi ma ta mai da shi laifi, amma bai mutu ba. A watan Fabrairun 2017 Timothy Piazza, ɗan shekara 19 a Jami'ar Penn State ta jihar Pensilbaniya, ya faɗo daga bene bayan an ɗura masa giya a daren karɓarsa a ƙungiyar maza ta Beta Theta Pi. Kusan awa 12 yana kwance kafin a kira motar asibiti, kuma bai tashi ba. A watan Satumbar shekarar Max Gruver ya mutu a Jami'ar Jihar Luwiziyana ta irin wannan hanya, sai Stone Foltz a Bowling Green ta jihar Ohayo a 2021. Jihohin nan uku duk sun tsaurara dokokinsu bayan mace-macen. Majalisar ƙungiyoyin maza ta hana giya mai ƙarfi a gidajenta daga 2019, kuma a Disambar 2024 shugaba Biden ya sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana rahoton gwale-gwale ga jama'a. Wannan doka makami ce a hannun iyaye: kafin yaro ya amsa tayin kowane gida, a nemi sunan gidan a rahoton jami'a, a ga ko an taɓa kama shi. Yawancin mace-macen a gidajen maza suke faruwa, don haka tsorona ga ɗa namiji a wannan ƙofa ya fi tsorona ga mace.

Sai launin fata. Waɗannan gidaje an gina su ne don farare, kuma da yawansu sun rubuta hakan a tsarin mulkinsu har tsakiyar ƙarni na 20. An cire rubutun, amma al'ada ba ta saurin fita. A 2013 jaridar ɗaliban Jami'ar Alabama ta fallasa yadda gidajen mata ke ƙin ɗaukar baƙaƙe, har sai da hukumar jami'ar ta sa baki. Ilinoi ba Alabama ba ce, kuma za ka ga baƙaƙe da 'yan Asiya a gidajenta. Duk da haka yarinya mai hijabi da lafazin Hausa a Turancinta za ta iya zama ita kaɗai irinta a cikin mutum 150. Wata za ta iya ɗaukar wannan, har ta ji daɗinsa. Wata kuwa zai cinye ta a hankali.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda zuciyata ta fi karkata gare ta, kuma ita ce mutanenmu suka fi jahilta. Ƙungiyoyi tara ne na baƙaƙen Amurka, biyar na maza, huɗu na mata, waɗanda aka kafa saboda an rufe musu waccan ƙofar. Alpha Phi Alpha ce ta fara a Jami'ar Cornell a 1906, sai Alpha Kappa Alpha ta mata a Jami'ar Howard a 1908. Kappa Alpha Psi ta fito a Jami'ar Indiyana a 1911, kuma reshenta na biyu a nan Ilinoi aka buɗe shi a 1913. A 1930 suka kafa majalisar haɗin kansu. Martin Luther King da alƙali Thurgood Marshall 'yan Alpha Phi Alpha ne, Kamala Harris 'yar Alpha Kappa Alpha ce. Abin da zai fi jan hankalin namu shi ne Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk sun shiga Phi Beta Sigma lokacin da suke karatu a Amurka. Wato ɗan Afirka ya daɗe da sanin hanyar wannan gida.

Tsarinsu ya sha bamban. Rassansu ƙanana ne, wani lokaci mutum goma ko ashirin, kuma yawancinsu ba su da katafaren gida, don haka babu maganar kuɗin haya da abinci. Ba sa zawarcin sababbin ɗalibai a makon farko. Sai ka yi aƙalla zango guda, ka nuna makinka, ka nuna ayyukan taimakon jama'a da ka yi, kuma sun fi son mai neman shiga ya riƙe bakinsa har sai abu ya tabbata. Kuɗin shiga dunƙule ne ana biya lokaci guda, yana da nauyi, amma na shekara-shekara bai kai na manyan gidaje ba. Babban bambancin shi ne, a wurinsu zama ɗan ƙungiya ba ya ƙarewa da digiri. Akwai rassan manya a kusan kowane babban birni, likitoci da lauyoyi da malamai masu furfura suna zuwa taro da rigunansu masu haruffa, suna rajistar masu zaɓe, suna ba da tallafin karatu. Mutum yana iya shiga ma bayan ya gama jami'a, abin da ke nufin babu gaggawa.

Ba zan yi musu ado fiye da kima ba. Sun soke tsohon tsarin gwajin sababbin shiga a 1990, amma wasu rassa sun mai da shi ƙarƙashin ƙasa, kuma a nan lakaɗa duka ya fi ɗura giya yawa. A Fabrairun 2025 wani ɗalibi a Jami'ar Southern da ke Luwiziyana ya mutu a irin wannan gwaji na Omega Psi Phi. Suna da shagulgulansu su ma, da rawar taka ƙasa da tafi da suka shahara da ita. Sannan al'adarsu ta jiƙu da coci, addu'ar buɗe taro da waƙoƙinsu daga can suka fito, duk da cewa akwai Musulmi a cikinsu. Kuma ɗan Afirka da ya shiga dole ya zo da tawali'u. Tarihin bauta da wariya da suka haifi waɗannan ƙungiyoyi ba labarin littafi ba ne a wurin 'yan ciki, kakanninsu ne. Wanda ya zo yana ganin ya fi su saboda ya san garin kakansa, ba zai daɗe ba.

Maganar rantsuwa ta shafi ƙofofin nan biyu, kuma ita ce ta fi damun Yaya bayan giya. Matsalar a bayyane take: ana so ka yi alkawari a bikin da ba a gaya maka abin da ke cikinsa ba sai ka shiga. Wasu ƙungiyoyi tushensu na Kirista ne kai tsaye. Alamar Sigma Chi farin gicciye ne, Alpha Tau Omega kuma ta faɗa da bakinta cewa a kan koyarwar Kirista aka kafa ta. Wasu na Yahudawa ne, kamar Alpha Epsilon Pi. Wasu sun ɗebo salon bikinsu daga ƙungiyar Freemason. Ni ba malami ba ne da zan yanke hukunci, amma na san haƙƙin yaro ne ya tambayi shugaban reshe ido da ido: akwai durƙuso ga wani abu? Akwai rantsuwa da wani littafi ko wani suna? Za a iya canza mini lafazin? Reshe na ƙwarai zai amsa ba tare da tona sirrinsa ba. Wanda ya ce sai ka shiga za ka gani, ya riga ya ba ka amsa. Wannan tambaya ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Kiristoci masu riƙo da addini ma sun daɗe suna yin ta.

Ƙofa ta uku ba ta da hayaniya, kuma a ganina ita ce ta fi riba ga mai ɗan ƙaramin aljihu. Ƙungiyoyin sana'a ne masu haruffan Girka, maza da mata a haɗe: Theta Tau ta injiniyoyi da aka kafa a 1904, Alpha Kappa Psi da Delta Sigma Pi na 'yan kasuwanci, Alpha Phi Omega ta aikin taimakon jama'a. Taronsu kan gyaran takardar neman aiki ne, da gwajin tambayoyin ɗaukar ma'aikata, da gayyato kamfanoni. Kuɗinsu kaɗan ne in aka kwatanta. Suna da nasu ɗan shagali, amma ba shi ne ginshiƙi ba. Kusa da su akwai waɗanda ba su da haruffa sam amma aikinsu ɗaya, kamar ƙungiyar injiniyoyi baƙaƙe ta ƙasa, NSBE, wadda aka kafa a Jami'ar Purdue a 1975, kuma babban taronta na shekara kasuwar ɗaukar aiki ce. Kada a rikita waɗannan da irin Phi Beta Kappa ta yau ko Tau Beta Pi, waɗanda na karramawa ne, su ke gayyatar wanda makinsa ya kai. In takardarsu ta zo wa yaro, a yi hamdala.

Ta huɗu ita ce wadda ba ta buƙatar haruffa ko tayi. Mutane kaɗan suka san cewa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Amurka da Kanada a wannan jami'ar aka haife ta, a Urbana, a watan Janairun 1963, shekara tara bayan an kafa takwararta ta Najeriya a Legas. Akwai masallaci a titin Lincoln, ana zuwa da ƙafa daga aji. A nan ake samun buɗa-baki a Ramadan, da wanda zai ɗauke ka a mota zuwa kantin naman halal, da babban ɗalibi da zai ce maka kada ka haɗa darasi kaza da kaza a zango ɗaya. Ɗalibi Kirista ma ba zai rasa gida ba, garin cike yake da ƙungiyoyin zumuntar ɗalibai, har babban taron mishan na ƙungiyar ɗalibai Kirista ta InterVarsity ya ɗauki sunan Urbana saboda shekaru da dama a nan ake yin sa. Ga kuma ƙungiyar ɗaliban Afirka, da cibiyar al'adun baƙaƙe mai sunan Bruce Nesbitt.

Rauninta shi ne babu wanda ya ɗaure maka. A gidan haruffa an ba ka uwar ɗaki, in ba ka zo taro ba za a neme ka, har a ci ka tara. A nan kuwa in ka daina zuwa, mai yiwuwa mako uku su wuce kafin wani ya lura. Kuma a jami'o'in Amurka da yawa, ɗalibai Musulmi galibi 'ya'yan Indiyawa da 'yan Pakistan da Larabawa ne da aka haifa a can, sun san juna tun suna yara. Baƙo daga Afirka zai iya yin sallah a sahu ɗaya da su amma a tashi cin abinci ba a tuna da shi ba. Sai ya daure, ya ɗauki aiki, ya shimfiɗa tabarma, ya raba abinci, kafin a saba. Ƙungiyar 'yan Afirka kuma da wuya ka ji Hausa a cikinta. Masu son su haɗa biyun sun yi ƙoƙari: a 2013 aka kafa Alpha Lambda Mu, wadda suke kira Alif Lam Mim, a Jami'ar Texas da ke Dallas, frataniti na Musulmi babu giya babu gwale-gwale. Rassanta ba su da yawa, sai an duba ko akwai a inda yaro yake.

Abubuwa biyu ne suka sa lissafin ɗanmu ya bambanta da na ɗan ƙasa. Na farko kuɗi. A manyan gidaje akwai kuɗin sabon shiga, na rantsuwa, na bajo, na kowane zango, sannan riguna da kyaututtuka da tikitin rawa waɗanda ba a rubuta su a takarda ba. Da yawa suna wajabta zama a gidan aƙalla shekara guda. Wani lokaci hayar da abincin ba su fi na jami'a tsada ba, wannan gaskiya ne, amma tukunya ɗaya ce ga kowa, da lokacin cin abinci ƙayyadadde, ba ruwanta da halal ko sahur. Uban da ke canza naira ko sefa zuwa dala ya san nauyin kowace ɗari, kuma ɗalibi mai bizar karatu ta F-1 yawanci ba ya da izinin aiki sai cikin jami'a, awa 20 a mako lokacin karatu. Na biyu ita ce bizar kanta. Ɗan ƙasa in 'yan sanda suka kama shi da giya, ubansa ya ɗauko lauya, shi ke nan. Namu in aka kama shi yana tuƙi a buge, ana iya soke bizarsa tun kafin a je kotu. Wiwi halal ce a dokar Ilinoi tun Janairun 2020, amma haramtacciya ce a dokar tarayya, kuma tarayya ce ke riƙe da biza. In jami'a ta dakatar da shi saboda laifin da gidansu ya yi tare, zamansa a ƙasar ma ya shiga haɗari. Ba kowa a gidan ne ke ɗauke da wannan kaya ba, shi kaɗai ne.

Don haka ga abin da na faɗa wa Yaya. A shekarar farko kada yarinyar ta shiga kowace ƙungiya mai rantsuwa. Wadda aka ɗauka a makon farko tana zaɓen 'yan'uwan shekara huɗu ne a lokacin da ko hanyar ajinta ba ta gama sani ba. Manyan gidaje na fi ganin sun dace da wanda ya girma a Amurka, iyayensa na da hali, kuma ya san yadda zai ce a'a a tsakiyar taro. Ga ɗa namiji da ya zo daga gida kai tsaye, ban ba da shawararsu ba ko kaɗan. Wanda yake da niyyar zama a ƙasar bayan karatu, yana kuma son tushe a cikin baƙaƙen Amurka, ya lura da ƙungiyoyi taran nan shekara guda ko biyu, ya je tarukansu na fili, ya san mutanen, sannan ya yanke. Wanda damuwarsa aiki ce, ƙungiyar sana'a ta ishe shi.

Ita kuwa yarinyar, da na kira ta, ta ce, "Kawu, ni fa tsoron zama ni kaɗai nake." Na ce mata ranar Lahadin da ke gaban fara karatu ana cika babban filin tsakiyar jami'a da tebura, ɗaruruwan ƙungiyoyi kowace da masu kiran mutane. Ta je da wuri, ta rubuta sunanta a wuri uku: wurin ɗalibai Musulmi, wurin injiniyoyi, da wani abu guda da take so don kanta, ko ƙwallo ne ko muhawara. Ta je kowanne sau huɗu a jere kafin ta ce bai yi mata ba. Sannan na ba ta labarin awa 12 ɗin da Timothy Piazza ya yi a kwance, na ce ko a ina ta ga wani ɗalibi ya sha ya faɗi ba ya amsawa, ko ba ta san shi ba, ta kira lambar gaggawa 911 nan take, ta tsaya a kansa har su iso. Dokar Ilinoi tana kare wanda ya kira da wanda aka kira dominsa daga tuhumar shan giya kafin shekaru su kai. Ta ce ta rubuta.